Wankin haƙori da hoda da ruwan ɗumi: yadda muka kwashe da su a Abuja

Jikata ce ta jawo min. Shekararta biyar, amarya nake ce mata. Tana zaune a cinyata muna ɓarar gyaɗa sai ta toshe hanci ta ce, "Ango, bakinka na wari, na fasa auren." Falo ya kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma ta ciki na ciki. Uwarta, 'yata ta biyu da ke aure a Gwarimpa, ba ta ce uffan ba. Washegari bayan azahar sai ga ta da makullin mota a hannu: "Baba, tashi mu je, na kama mana layi wajen likitan haƙori."

Shekara goma sha ɗaya rabona da wannan kujera, kuma da dalili. Sau ɗaya aka taɓa yi min wankin haƙori, a wani asibiti a Kano da ba sai na kama sunansa ba. Ƙarar na'urar kamar ana wasa wuƙa a cikin ƙoƙon kaina, ruwan kuma sanyi ƙalau, duk inda ya taɓa wuyan haƙori sai in ji tsirr har ƙeya. Aka ajiye ta, aka ɗauko ƙugiyar ƙarfe aka shiga kankara. Na tofar da jini har na gaji, na kwana huɗu ban iya kurɓar ruwan randa ba. Na ce ni da su haihata-haihata.

Ga shi ni mutumin goro ne. Shekara talatin ina Kantin Kwari, goro a aljihu, shayi safe da yamma. Asuwaki ba ya barin hannuna, burushi da makilin sau ɗaya da asuba. A lissafina na gama da tsaftar baki.

Asibitin na kuɗi ne, ɗan ƙarami, a saman bene. Mun yi zaman jira na kusan minti arba'in duk da lokacin da aka ba mu, wannan kam ban ji daɗinsa ba. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta cika mu da daɗin baki: wai babu zafi ko ƙanƙani, wai haƙorana za su fito fari tas kamar auduga. Ku riƙe waɗannan alƙawura biyu, zan dawo kansu.

Likitar matashiya ce, ba za ta girmi 'yata ba. Ba ta fara da wanki ba. Wani siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita ta ɗauko tana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, tana kiran lambobi, mataimakiyarta na rubutawa: biyu, uku, biyu, uku, huɗu, biyar. Na ɗaga hannu na tambaya. Ta ce dasashi mai lafiya zurfin aljihunsa daga milimita 1 zuwa 3 ne, da ya kai 4 ya fara sakin haƙori, datti na samun maɓoya. Ina da biyar a turame biyu na sama. Ta tambaye ni ko ina da asma ko wani ciwon ƙirji, domin hodar da za a fesa ba a son ta ga mai matsalar numfashi. Na ce a'a, sai dai suga da ya fara leƙo ni.

Daga nan aka zo wajen da ya fi tsaya min a rai. Ta dangwalo wani rini da ɗan soso ta shafe min haƙora kaf, ta ce in kurkure, ta miƙo min madubi. Wallahi sai da na ji kunya. Fuskar haƙoran gaba, inda asuwaki ke yawan bi, fes take, sai ɗan ja-ja a gefe. Amma bayan haƙoran ƙasa da cikin turame, kai ka ce a marinar Ƙofar Mata aka tsoma su, shuɗi har yana baƙi. Ta ce, "Baba, mai launin ja-ja dattin jiya da yau ne. Shuɗin nan ya kwana biyu ko fiye ba a taɓa shi ba." Wannan danƙon ba ragowar tuwo ba ne kawai, ƙwayoyin cuta ne suka yi gida suka manne, su ke kumbura dasashi, su ke kawo warin da amaryata ta ji. Shekara da shekaru ina goge wuri ɗaya ina barin wuri ɗaya, ba wanda ya taɓa nuna min da ido sai ranar.

Na'urar sunanta Airflow, ta kamfanin EMS ce da ke garin Nyon a Suwizalan, kusa da Janiba. Tsarin gaba ɗaya, daga rinin har ƙarshe, GBT suke ce masa. Bakinta kamar alƙalami, kuma ba ya taɓa haƙori sam. Iska yake fesowa da ruwan ɗumi da hoda, su ukun a haɗe. Aka shafa min man baselin a leɓe, aka sa min tabarau, aka ɗora tsumma a ƙirji.

Abin da na ji, kamar ƙaramin bututun masu wankin mota ne aka juya cikin bakina, sai dai mai taushi. Ƙara akwai, amma shuuu ce ta iska, ba tsiwar ƙarfe ba. Ruwan ɗumin nan shi ne rabin rahamar, domin tsirr ɗin da nake ta jira bai zo ba. A dasashi kamar cakulkuli. Hodar zaƙi-zaƙi gare ta, har na zabura na tuna suga. Likita ta yi dariya ta ce eritiritol ne, ɗan gidan su suga ne amma ba ya tayar da sugan jini, ƙwayoyin cutar baki kuma ba sa iya cin sa. Girman ƙwayarsa maikuron 14, wato kashi 14 cikin dubu na milimita ɗaya, silin gashi ya fi shi kauri sau da yawa.

Fesa hoda a haƙori ba sabon abu ba ne, tun wajen ƙarshen shekarun 1970 ake yi. Abin da ya canza ita ce hodar. Ta da soda ce, 'yar uwar kanwa, mai gishiri-gishiri da kaushi. Tana cire tabo sosai a jikin haƙori mai tauri, amma tana iya kuje dasashi da saiwar da ta fito waje da cikon da aka yi wa haƙori. Sai aka koma masu laushi, gilaisin da wannan eritiritol ɗin, waɗanda har ƙarƙashin dasashi ana iya shiga da su. A harshenmu na 'yan kasuwa, bambancin tsaki da garin fulawa ke nan.

Tana bin shuɗin nan layi-layi, inda ya ɓace ta wuce gaba. Tabon goro ne ya yi mata gardama, sai da ta koma kan wasu haƙoran sau uku. Turamen nan biyu masu zurfi kuwa ta sauya baki, ta sa wani na roba mai lanƙwasa ta zura cikin aljihun na 'yan daƙiƙoƙi. Nan na ɗan ji matsi, ba zafi ba.

To ga inda alƙawarin farko ya karye. Hoda ba ta cire dutse. Danƙon da aka bari ya daɗe, ma'adinan cikin yawu suna shiga shi ya daskare ya zama kamar siminti, kuma ya fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa saboda a ƙarƙashin harshe maɓuɓɓugar yawu take. Wannan sai ƙarfe. Ta ɗauko na'ura ta biyu, Piezon, mai siririn tsinke da ke karkarwa sama da sau 25,000 a daƙiƙa ɗaya. Ina jin ƙarar gabana ya faɗi, tsohuwar abokiyar gaba ce ta dawo. Na damƙe hannun kujera. Ta lura, ta ce, "Baba, in ya yi yawa ɗaga hannun hagu, zan tsaya." Na ɗaga sau biyu. A na biyun ta shafa min wani man kashe zafi a dasashi, muka jira kaɗan, ta ci gaba.

Na ji zafi, gaskiya, kuma na ga jini a abin tsotsar ruwa. Amma a wancan karon baki ɗaya aka bi da ƙarfe, haƙori bayan haƙori. A nan tun da hoda ta riga ta share mai laushin, dutsen ya fito fili, wurinsa kaɗai tsinken ya je. Bai fi minti bakwai ba. Ta ɗora min wani ɓalli a kan auduga in gani, launin ƙasa, kamar tsakuwar da ake tsincewa a shinkafar gida. Na ce, "Likita, ba haƙorina kika ɓallo ba kuwa?" Ta ce in taɓa da harshe in ji ko akwai wanda ya ragu.

Harshen nawa kuwa ya gano ƙofofi tsakanin haƙoran ƙasa da ban san da su ba. Wannan ne asalin maganar da ake yi a kasuwa, cewa wankin haƙori yana siranta haƙora, yana buɗe tsakaninsu, yana sa su girgiɗi. Ni ma na sha faɗa wa mutane haka bayan wahalar da na sha. Ashe giɓin yana nan tuntuni, dutsen ne ya ture dasashi ya zauna a wurin ya toshe. An kwashe shi, ɓarnar da ya yi ta bayyana.

Alƙawari na biyu ma bai cika ba. Haƙorana ba su zama auduga ba. Jan goro da baƙin shayi sun tafi, abin da ya rage launin haƙorin ɗan shekara hamsin da takwas ne, fari mai ɗan rawaya. Sanya haƙori fari aiki ne daban da magani daban da kuɗi daban. Likitar ba ta ɓoye min wannan ba, ta waje ce ta yi zuƙi-ta-malle.

Kuɗin ya kusa ninka na wankin da aka saba sau uku, a wannan asibitin dai. 'Yata ce ta biya, da ni ne da na tsaya ciniki. Na tambayi likita kai tsaye ko wannan ya fi tsohon wanki tsaftacewa. Amsarta ta burge ni: in mai hannu ya iya aikinsa, lafiyar da dasashi ke samu kusan ɗaya ce, abin da ake saye a nan sauƙi ne da rage kankarar haƙori. Saboda haka a ganina wanda wankin da aka saba bai dame shi ba, ya ci gaba da abinsa, ya riƙe kuɗinsa. Mai irin tsorona, da mai haƙoran da ba sa son sanyi, da mai wayar gyaran haƙori ko dashen haƙori, su ne kuɗin zai yi wa rana. Kuma ko a asibitin da babu wannan na'ura, mutum na iya roƙon a shafa masa man kashe zafi, a rage ƙarfin injin. Da na san haka a Kano da ban yi gudun shekara goma sha ɗaya ba.

Ƙananan abubuwa: hodar tana tashi, na fito da ita a gemu da gefen hula, kada a je da manyan kaya. Kada kuma a je da azumi a baki, ruwa da zaƙi suna kaiwa maƙogwaro ko an ƙi ko an so. A bakin ƙofa an so a sayar min da burushin lantarki da wata na'urar fesa ruwa ta gida, na ce a kai kasuwa. Abin da na saya 'yan ƙananan burusan sakace ne masu kama da na wanke kwalba, da ƙwayoyin rinin nan da ake taunawa a gida.

A daren na sha ruwan firiji, ɗan tsirr kaɗan a ƙasa, washegari ya wuce. An ce in dawo bayan wata huɗu saboda turamen nan. Asuwakina yana nan, sai dai yanzu ina juya shi ta ciki, burushi kuma ya zama sau biyu. Goro na rage shi zuwa ɓari ɗaya bayan la'asar, ban yi wa kowa alƙawarin bari ba.

Ranar Juma'a na tauna ƙwayar rinin a gaban madubi, shuɗi ya fito a turmi ɗaya na hagu, can ƙurya. Na kira amarya na hura mata iska a fuska. Ta shinshina, ta yi shiru, ta ce za ta yi shawara da mamanta.