Shagon littattafan da ke bayan Terminus, da ayar da na daɗe ina karanta rabinta

Ni ce aka ɗora wa jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki a Zumuntar Mata ta majami'armu a Tudun Wada, nan Jos. A watan Janairu matan suka zaɓi Irmiya 29:11 ta zama ayar shekara, wadda ke cewa Ubangiji yana da shiri na alheri dominmu. Kowa ya haddace ta, tana yawo a WhatsApp, tana jikin kalanda. Amma wata gwauruwa a cikinmu ta tambaye ni, in shirin na alheri ne, me ya sa shekara huɗu ke nan tana cikin wahala? Na rasa ta cewa. Tambayarta ce ta sa na hau keke zuwa wani shagon littattafai a Terminus, unguwar kasuwa a tsakiyar Jos, da sanyin safiya, hazo ya rufe gari.

Shagon ƙarami ne, a wani lungu da ke fita daga titin Ahmadu Bello, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da yadi. Mutum uku in sun shiga, na huɗu sai ya jira a waje. Mai shagon dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Na gaishe shi, na ce ina neman littafin da zai ƙarfafa mata. Bai miƙa hannu kan kanta ba. Ya ce, “Mama, wace aya ce ta kawo ki?” Da na faɗa masa, ya jawo mini kujerar roba, ya buɗe nasa Littafin da gefensa ya yi baƙi don yawan taɓawa, ya ce in fara daga sura 28.

A wannan kujerar na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Ayar tana cikin wasiƙar da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwasa zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Wani annabi, Hananiya, ya riga ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo. Irmiya kuwa ya ce shekara saba'in. Ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Ke nan yawancin waɗanda suka fara jin wannan alkawari a Babila aka binne su. Baba ya ɗora yatsa a kan aya ta 7, ya dube ni, bai ce komai ba. Duk wanda ya zauna a Jos tun rikicin 2001 ya san nauyin a ce masa ya roƙa wa garin da ya sha kuka a ciki alheri. Hawaye suka zo mini.

Sai bayan haka ya sauko da abin da na saya: Sharhin Littafi Mai Tsarki Don Afirka. Asalinsa da Turanci ya fito a 2006, malaman tauhidi saba'in na Afirka suka rubuta, marigayi Tokunboh Adeyemo ɗan Najeriya ya shugabanci aikin. Kundi ɗaya ne daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, kuma a tsakanin surori akwai gajerun bayanai kan abubuwan da ke damunmu a gida, irin su maita, auren mace fiye da ɗaya, da gadon matar mamaci. Samunsa da Hausa ba ƙaramin abu ba ne ga mata irin namu da yawancinsu firamare suka tsaya. Kuɗinsa ya fi ƙarfin jakata a ranar, Baba ya rubuta sunana a wani tsohon littafin lissafi, na biya sau uku.

Baba yana da fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa daban-daban, kuma ya san bambancinsu. Tsohuwar fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi aiki a kanta, ita ce kakata take karantawa, Hausarta da nauyi. Ya ba ni shawara in ajiye Sabon Rai Don Kowa kusa da wadda muke sujada da ita, in aya ta yi mini duhu a wannan in duba waccan. Ga mai jin Turanci, ya nuna mini littafin Samuel Waje Kunhiyop kan ɗabi'ar Kirista a Afirka, da na Byang Kato ɗan Kwoi wanda ya fito a 1975, shekarar da ya rasu. Akwai kuma Littafin Waƙoƙi, manya da ƙanana.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne tsarin kanta. Littattafan da ke gaba, inda ido ke fara sauka, su ne masu alkawarin arziki cikin kwana bakwai, na Hausa kuma an tura su can ƙasa ta baya inda ƙura ta lulluɓe su, sai ka durƙusa. Na faɗa masa. Ya ce waɗancan ne ke biyan kuɗin haya. Na gane, amma har yanzu abin yana ci mini rai. Ba ya karɓar kati kuma, sai tsabar kuɗi, kuma ƙarfe biyar ya rufe.

Ranar Talata da muka taru, na karanta wa matan wasiƙar tun daga aya ta farko, a hankali, har da shekara saba'in ɗin. Gwauruwar nan ta yi shiru har aka tashi. A bakin ƙofa ta riƙe mini hannu ta ce, “Ashe su ma sun jira.” Ta roƙi aron sharhin na mako guda, yau wata biyu yana wurinta, na kuma koma wajen Baba na fara biyan na biyu.