Ruwan nano ko gilashi: wanne za ka sa wa sikirin ɗin wayarka?

Duk wanda ya sayi sabuwar waya a Banex ko kasuwar Wuse da ke Abuja, kafin ya fita da kwalin sai an tambaye shi: gilashi za a manna, leda, ko a shafa ruwan nano? Ni na gwada duka ukun, kuma tun yanzu in faɗa, gilashi ne gwanina.

Leda dai a bar zancenta. Cikin wata guda ta yi dishi-dishi, gefenta ya fara ɗagowa.

Ruwan nano shi ne ya fi samun masu yi masa kirari. Sunan daga ma'aunin nanomita ya fito. Nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi kuwa ya kai nanomita 80,000. Ruwan na ɗauke da silika, sinadarin da ke cikin yashi, idan ya bushe sai ya bar shafin da ido ba ya gani. Sikirin ya yi santsi, maiƙon yatsa ya ragu, ruwa ya riƙa gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Iyakarsa ke nan.

Gilashi mai kyau kaurinsa kusan milimita 0.3 ne, wato nanomita 300,000. Idan waya ta faɗi, sau da yawa shi ke tsagewa a madadin sikirin, ka ɓare shi ka manna sabo. Bara wani mai shago ya rantse mini cewa da ruwansa na nano ko kan dutse wayata ta faɗi ba za ta ji ba. Mako biyu bayan ya shafa mini, ina saukowa daga mota a Nyanya ta suɓuce mini, sikirin ya fashe. Kuɗin canza sikirin ya ninka na ruwan sau da dama.

Ga dabarun da masu sayar da ruwan nano suke yi, ku kula. Mai shago zai ɗauko makulli ya goga a sikirin, ya ce, "Alhaji, ka gani? Ko alama babu." Ai makulli dama bai cika karce gilashin waya ba, ko an shafa ko ba a shafa ba, don gilashin ya fi shi tauri. Abin da ke karce shi yashi ne, irin wanda ƙurar hunturu ke tara maka a aljihu. Zai kuma ɗiga ruwa ya nuna maka yana dunƙulewa, alhali sabuwar waya daga kamfani take zuwa da irin wannan shafi. Shi kuma 9H da ke jikin kwali ma'aunin taurin fensir ne, ba shi da alaƙa da faɗuwa ƙasa. Kuma tunda ba a ganin shafin, ta yaya za ka san ba ruwan goge gilashi aka ɗura a kwalbar ba?

Na fesawa ma ya fi ba ni tsoro. A 2006 an janye wani feshin shafa wa gilashi da tayil na gida mai suna Magic Nano daga kasuwannin Jamus bayan mutane da dama sun kamu da matsalar numfashi, bincike kuma ya nuna babu ƙwayoyin nano a cikinsa, suna ne kawai. Kada ka yarda a fesa maka komai a ƙaramin shago marar taga.

Wajen sayen gilashin, shafa gefensa da yatsa. Idan ka ji kaifi, ajiye shi. Ka tsaya a manna a gabanka, ka gwada taɓa kowace kusurwa da wurin hoton yatsa kafin ka biya.