Wata shida da Audio-Technica AT-LP60X a ɗakina

Fayafayan garmahon Baba ne suka sa na sayi wannan injin juya faifai. Sun fi shekara 20 a cikin akwati ƙarƙashin gado, ba abin da za a saurare su da shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ya son wahalar da mutum. Ka ɗora faifai, ka zaɓi gudu, juyi 33 ko 45 a minti ɗaya, ka danna Start. Hannun da kansa zai ɗaga ya sauke allura a bakin faifan, in faifan ya kai ƙarshe ya koma mazauninsa. Ga mai rawar hannu irina, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Akwai kuma ɗan maɓalli a bayan injin, Phono da Line: Phono na jonawa da amfilifaya mai mashigar garmaho ne, Line kuma na jonawa kai tsaye da sifiku masu amfilifayar kansu. Na mayar da shi Line, na jona da sifikun da nake da su, shi ke nan.

Amma a sani, ba ya juya faifai mai gudun 78, irin masu nauyin nan na zamanin kakanni da ke fashewa kamar tangaran. Guda huɗu na Baba suna nan ajiye. Nauyin hannun ma ba a iya daidaita shi, allura kawai ake canjawa.

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. Rana ɗaya na manta murfin a buɗe, sai ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Yanzu kafin in ɗora kowane faifai sai na share shi da buroshi mai laushi, allurar kuma daga baya zuwa gaba.