Filin Roumdé Adjia ko gidan kallon ƙwallo?

A Garwa, arewacin Kamaru, wuri biyu ne ke ja-in-ja a kan saurayi mai son ƙwallo: filin Roumdé Adjia, inda ƙungiyar garin, Coton Sport, ke karɓar baƙi a Elite One, babbar gasar ƙasar, da gidan kallo na unguwa inda ake haska wasannin Turai.

Gidan kallo ya fi sauƙi, wannan babu musu. Benci ne da rufin kwano, janareta na ruri a waje, ka ba da 'yan canji ka samu wuri, mai shayi na bakin ƙofa. Ga ɗan wasan Kamaru Zambo Anguissa a allo, samari na ihun "namu ne!"

Filin kuwa sai ka hau babur, ka sha ranar Garwa, wani lokaci ma a ɗage wasan. Duk da haka ni can nake so. Kana jin ƙarar bugun ƙwallo da kunnenka, kana ganin gumin yaron da ka san gidansu. Coton Sport, da aka kafa a 1986 ƙarƙashin inuwar kamfanin auduga na Sodecoton, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta doke ta. Vincent Aboubakar, ɗan garin nan, da rigarta ya yi suna kafin ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010. Shi kansa Anguissa ta nan ya bi.

A Janairun 2022, ranar da Najeriya ta ci Masar 1-0 a filin nan, jama'a sun yi dafifi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kujerun da ke zama babu kowa ranar wasan gida, alhali gidajen kallo sun cika maƙil.