Sharhina kan tocilan mai Anduril bayan wata bakwai a Samaru

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai kenan ina amfani da wata ƙaramar tocilan LED irin wadda kai ne zaka saita mata haske yadda kake so, batir ɗaya take ci 18650, manhajar cikinta kuma Anduril 2. Yayana ne ya kawo min tsaraba. Ina kiwon kaji a bayan gida nan Samaru, kullum da dare sai na zagaya su kuma kun san yadda ake ɗauke mana wuta, don haka ba ado na ajiye ta ba, aiki take sha.

Haske kam ba magana, wallahi daga ƙofar gida nake hango ƙarshen katanga tsaf. Amma da hunturu ya shigo sai ta fara ƙyafta ido, ka ɗan buga ta a hannu ta mutu ko ta sauya haske da kanta. Kowa na nuna wa sai yace direba ne ya ƙone, wato ɗan allon nan da ke cikin kanta mai sarrafa wutar da ke zuwa wa ƙwan. Raina ya ɓaci sosai don a ina zan samu irinsa a Zariya? Na kai wa wani mai gyaran waya a PZ, Allah ya saka masa da alheri, ko rodin dalma bai taɓa ba. Ya auna batir yaga bolt 4.1, ya kwance murfin baya yace "Yallaɓai duba nan", ashe ƙura ce da baƙin maiƙo suka taru a bakin bututun, kuma ta nan wuta ke bi. Ya goge da auduga da sifirit, ya ɗaure zoben da ke riƙe allon da ɗan hantsaki saboda ashe ya saki, shikenan ƙyaftawa ta tsaya har yau.

Matsala ta biyu ita ce tafi bani wahala kuma ita nake so mutanenmu su gane. Da zafin Afrilu ya zo, ina kunna ta a babban haske ko minti ɗaya bata yi sai ta rage da kanta. Wannan ba lalacewa bane, an saita ta ne in ta kai digiri 45 ta ja baya don kar ta cuci kanta, to mu nan ɗakinka ma da dare yana 33 ko 34, kaga tazarar da ta rage mata kaɗan ce. Ban sani ba a lokacin sai na mata riset, wato na mayar da ita saitin da ta zo da shi daga kamfani, dannawa 12 ka riƙe na 13, kuma da rana tsaka na yi. Ta daina rage haske da wuri amma sai ta koma zafi rau har bana iya riƙe kanta. Ashe in ka yi riset tana ɗauka cewa zafin wurin digiri 21 ne a lokacin, ita a lissafinta da sauran sanyi alhali tana gasuwa. Wannan ya tsorata ni gaskiya, batirin litiyom ba abin wasa bane da zafi.

Ma'aunin zafin ɗakin ƴan tsaki ne ya cece ni. Na barta ta huce kusa da shi, na fita daga sauƙaƙan tsari na shiga babban tsari, wanda a cikinsa ake saite-saite, da dannawa 10 a riƙe na ƙarshe, sai dannawa 3 ta nuna batir, 2 ta nuna zafi, sai 7 a riƙe a shiga saitin zafi. In ka saki bayan walƙiyar farko sai ka danna adadin zafin ɗakin, ni 34 na danna. Walƙiya ta biyu kuma ta iyakar zafi ce, ana ƙirgawa daga 30, na danna 20 ya zama 50. Ƙirgen akwai gajiya, sau uku ina ɓacewa ina sakewa, nan kam na ga rashin kyautawa ga wanda idonsa ko yatsansa ba ƙarfi. Baba ma da na bashi aro sai da na mayar masa sauƙaƙan tsari.

Sai batir. Na sayi na ko-ta-kwana a kasuwar Sabon Gari an rubuta 9900mAh, alhali na gaskiya a wannan girman wajen 3500 suke tsayawa. Ko a hannu zaka ji ba nauyi, da ka ɗaga haske sai ta yi ƙasa kamar batir ya ƙare, nan ma wani zai ce direba ne. Dan Allah ku kiyaye shi. In zaku sa ta aljihu kuma ku danna sau 4 ta kulle ko ku ɗan sassauta murfin baya.

Zan sake sayenta in ta ɓata, wannan ba shakka. Yanzu dai na ba wani direban mota sallahu ya nemo min batir mai kyau a Kano, Juma'a yace zai dawo.