Ungulu da kan zabo: yadda ake damfarar baƙi da masauki a tsofaffin birane

Jama'a, duk mai shirin zuwa wani tsohon birni da masu yawon buɗe ido ke tururuwa, musamman wanda zai kama ɗaki ta intanet tun kafin ya tashi, ya tsaya ya karanta wannan. Ni an yi mini, kuma ba don na yi sakaci wajen bincike ba. Na duba hotuna, na karanta sharhin waɗanda suka taɓa sauka a gidan, na biya ta sanannen shafi. Duk da haka na ƙare a ɗakin da ban zaɓa ba, bayan na biya kuɗin wanda na zaɓa.

Ni da kawuna muka yi tafiyar. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, shi ya sa na ɓata kwanaki ina neman gidan baƙi mai ɗaki a ƙasa. Na samu wani tsohon gida mai faɗin tsakar gida, taku kaɗan daga ƙofar ganuwa inda mota ke iya sauke mutum. Muna filin jirgi muna jiran kaya sai ga saƙon mai gidan ta WhatsApp. Wai bututun ruwa ya fashe da asuba, ɗakinmu ya jiƙe sharkaf, amma kada hankalinmu ya tashi, yana da wani gidan nan kusa wanda ma ya fi wannan, zai turo yaro ya tare mu. Ya haɗa da ban haƙuri har sai da na ji tausayinsa.

Yaron ya zo da amalanke, ya loda akwatunanmu, muka bi shi. "Nan kusa" ya zama tafiyar fiye da minti ashirin cikin lunguna, duhu yana shiga, Kawu yana dafa bango. Da muka isa, sai ga matattakala siririya mai murɗewa, ɗakin kuma yana hawa na uku, ba taga, sai warin danshi. Kawu ya tsaya a gindin matattakalar ya ɗaga kai ya dube ta, sannan ya dube ni.

"Ɗan nan, wannan ne gidan da ka nuna mini a waya?"

"A'a Kawu, wancan ya samu matsala, a yi haƙuri."

Ya ce "To," ya kama ƙarfen gefe ya soma hawa.

Kuskurena na gaske ba bin yaron ba ne. Muna ajiye kaya mutumin da ke kula da gidan ya ce, cikin fara'a, in shiga manhaja in soke wancan ɗakin "don kada a caje ni sau biyu", sai mu daidaita a nan hannu da hannu, kuɗin da na riga na biya kuma za su dawo. Na gaji, Kawu na nishi, na latsa. A galibin shafukan kama masauki, idan mai gida ne ya soke, baƙo yana karɓar kuɗinsa cif, shi kuma mai gida ya sha hukunci. Idan baƙo ne ya soke da hannunsa, musamman a ranar da zai shiga, to sharaɗin mai gida ne ke aiki, kuma sau da yawa sharaɗin shi ne ba a mayar da ko kwabo. Wato da yatsana na wanke shi. A rubuce, ni ne na fasa zuwa.

Washegari na bi taswira na nemo gidan farko. Ƙofa a buɗe, tsakar gida a bushe ƙayau, ga wasu baƙi zaune a bakin ɗakin da na biya. Ba bututun da ya fashe. Ɗaki ɗaya ake tallatawa a shafuka biyu ko uku da farashi daban-daban. Wanda ya fi biya da tsoka shi ke kwana a ciki, sauran a tura su gidan da ba wanda zai zaɓa da idonsa a buɗe.

Daga baya na gane ba sabuwar dabara ba ce. A watan Oktoban 2019 wata 'yar jarida a kafar Vice ta ba da labarin yadda aka kira ta ana saura mintuna ta shiga gidan da ta kama a Shikago ta Amurka, aka ce bututun banɗaki ya toshe, aka mai da ita wani wurin. Da ta bi diddigi sai ta tarar gungu ne mai gidaje a birane da dama, da sunayen bogi. Uzurin ruwa suka fi so domin ba ka da hanyar tantancewa daga nesa, kuma ba mai musu da wanda ya ce ɗaki ya cika da ruwa.

Tsohon birni kuwa kamar don wannan sana'a aka gina shi. A tsohon garin Fas na Maroko, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, mota ba ta shiga. Dubban lunguna ne, wasu da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Haka tsohon garin Zanzibar, haka Benis ta Italiya inda ko dai ƙafa ko jirgin ruwa. Dogayen katangu suna rikita taswirar waya, ta nuna kana lungun baya alhali kana na gaba. Gidajen baƙi da yawa ba su da allon suna, ƙofa ce kawai kamar ta maƙwabta. Ka iso da kaya a gajiye, ba ka jin yaren, watakila layin wayarka bai ma hau ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma 'yan damfara sun san sa'ar da makantar ta fi tsanani: tsakanin saukarka daga mota da tsayuwarka a ƙofar masauki.

A wannan ɗan tsakanin ne ƙanin wannan damfara yake aiki, wato ɗan tasi ko ɗan jagora da zai ce maka masaukinka an rufe shi, ko ya ƙone, ko hanyar a toshe take saboda wani biki. Matafiya sun daɗe suna ba da labarin wannan a kewayen tashar jirgin ƙasa ta Delhi a Indiya da lungunan Marrakesh a Maroko. Har waya zai buga a gabanka, ya miƙo maka "manajan otal" ya tabbatar maka, alhali abokinsa ne. Ƙarshenta a kai ka inda yake cin kamasho, kamashon kuma a kanka ake ɗora shi. Maganinsa ba wuya: ka ce a kai ka ƙofar ka gani da idonka, ka kira lambar da ke jikin takardar kama ɗakinka da wayarka, ba da tasa ba.

Akwai kuma wadda ta fi ba ni tsoro, domin ko mai gidan kirki ba ya tsira daga gare ta. Tun 2023 ake ta samun rahoton yadda ɓarayin intanet ke aika wa masu masauki saƙo da sunan baƙi, da wani fayil a maƙale. Ma'aikaci na buɗewa sai a sace bayanan shiga asusun gidan na shafin kama masauki na Booking.com. Daga nan sai su riƙa rubuta wa baƙi na gaskiya ta cikin manhajar kanta, da sunanka, da ranar zuwanka, da lambar shaidar kama ɗakinka: katin bankinka bai karɓu ba, ka latsa wannan adireshin ka tabbatar cikin 'yan sa'o'i ko a soke. Kamfanin ya ce ba rumbunsa aka fasa ba, asusun masu masaukin ne, amma wanda aka kwashe wa kuɗi ina ruwansa da wannan bambanci? Hukumar karɓar ƙorafin damfara ta Birtaniya, Action Fraud, ta ce tsakanin Yunin 2023 da Satumban 2024 ta karɓi ƙorafi 532 a kan wannan, asarar ta kai fam dubu 370. Waɗanda suka kai ƙara ke nan, a ƙasa ɗaya. Don haka zuwan saƙo ta cikin manhaja ba hujja ba ce. In an ce ka sake shigar da lambar kati a wani shafi, ko ka turo lambar sirrin da banki ya aiko maka, ka dakata ka kira gidan ta lambar da ka samo daga wani wuri dabam.

Idan ka lura, duk salon nan abu ɗaya suke nema: su gusar da kai daga inda ake da shaida. Daga akwatin saƙon shafi zuwa WhatsApp, daga kati zuwa tura kuɗi kai tsaye ta asusun wani mutum ko Western Union, daga adireshin da ke rubuce zuwa gidan da ba ya cikin kowace takarda. Ragi ne ƙugiyar da suka fi jefawa: "ka biya ni kai tsaye in cire maka kamashon shafi." Akwai masu gidajen kirki da ke faɗin haka da zuciya ɗaya, ban musa ba, kuma in ka taɓa sauka wurin mutum ka san shi, wannan tsakaninku ne. Amma ga gidan da ba ka taɓa takawa ba, cinikin biri a sama ne. Kuɗin da ka biya da kati kana iya roƙon banki ya bi maka kadinsu. Waɗanda ka tura da hannunka sun tafi ke nan.

Kafin ka biya, hotuna kaɗai ba sa isa. Ka ɗauki ɗaya ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet; in ya fito a wani birni da wani suna, magana ta ƙare. Ka nemi cikakken adireshi, ka dubi ƙofar a taswira in ana iya gani. Wajen karanta sharhi, ka tsallake masu yabo, ka gangara wurin masu tauraro ɗaya da biyu, ka nemi kalmomi irin "an canza mana gida" ko "ba ɗakin da ke hoto ba ne". Mutum biyu suka faɗi haka, ya ishe ka. Wasu ƙasashen ma sun sauƙaƙa binciken. A Italiya, daga 1 ga Janairun 2025 dole kowane masauki ya nuna lambar rajista ta ƙasa da ake kira CIN, a jikin talla da kuma a wajen ginin. A Turkiyya, tun farkon 2024 gidan da ake bayarwa haya na ɗan lokaci sai da izinin ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, da allon shaida a ƙofa. In ka tambayi lambar aka soma kame-kame, ka nemi wani wurin.

Ka kuma tambayi abubuwan da hoto ke ɓoyewa, a rubuce cikin shafin: hawa na nawa ne, akwai taga, banɗakin a ciki yake, ina mota ke tsayawa kuma minti nawa ne daga nan da ƙafa. Tsofaffin gidaje ba kasafai suke da lif ba. Amsar da aka ba ka a rubuce ita ce za ka nuna gobe in an saɓa. In da hali ka tsara isowarka da rana, ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet, ka ajiye sunan wani masaukin na biyu ko da za a buƙata.

To in abin ya riga ya same ka, kana tsaye da akwati an ce ɗaki ya lalace? Kada ka soke komai. Ka ce shi ya soke daga ɓangarensa. Ka rubuta masa ta cikin shafin cewa ya ce maka kaza da kaza, domin maganar ta shiga rubutu, ka ɗauki hoton saƙonninsa da na wurin da aka kai ka, sannan ka kira masu shafin tun kana wurin, kafin ka kwana. Lokaci yana da muhimmanci a nan. Manhajar kama masauki ta Airbnb, alal misali, awa 72 take ba baƙo ya kai ƙorafi daga sa'ar da ya ga matsala. In dare ya yi dole ka kwana a inda aka kai ka, ka rubuta cewa ka karɓa ne na daren nan kawai, ba musanya ka amince da ita ba.

Sai batun fasfo. Neman ganinsa ba damfara ba ce. Ƙasashe da yawa suna tilasta wa masu masauki su yi rajistar baƙi, a Italiya ma cikin awa 24 ake miƙa wa 'yan sanda bayanan. Amma rubuta bayanai aikin minti biyar ne a gabanka. Wanda ya ce ka bar masa fasfo sai ranar tafiya, makami ka ba shi, domin duk "ƙarin kuɗi" da zai ƙirƙiro ranar fita sai ka biya kafin ka ga fasfonka. Harajin baƙi da wasu birane ke karɓa kowane dare shi ma gaskiya ne, kuma sau da yawa a masauki ake biya. Ka dai duba ko yana cikin abin da ka riga ka biya, ka kuma karɓi rasit.

Mu dai kwana biyu muka yi a hawa na uku, Kawu yana sauka sau ɗaya a yini, kafin na samo wani gidan na sake biya. Kuɗin farko ba su dawo ba. Da na koma shafin don in rubuta abin da ya faru ko wani ya tsira, sai na tarar ba ni da gurbin sharhi: wanda ya soke, a wurinsu bai sauka a gidan ba. A nan na fahimci dalilin da ya sa duk sharhin da na karanta kafin in biya yabo ne zalla.