Igiyar jan kwalekwale: nailan ko polifirofilin?

Mai jirgin ruwa na shaƙatawa da ke jan ƙaramin kwalekwale a baya, zaɓinsa yakan tsaya ne tsakanin igiyoyi biyu: ta nailan da ta polifirofilin, wato wata irin roba mara nauyi. Nailan tana da ƙarfi kuma tana talewa, don haka idan raƙumin ruwa ya fizgi kwalekwalen, ita ce ke shanye fizgar kafin ta kai ga zoben da aka ɗaura ta. Matsalarta ɗaya ce, amma babba: nutsewa take yi. Da zarar ka rage gudu ko ka ja baya a bakin tasha, sai ta saki, ta lume ƙarƙashin jirgi, farfela ta naɗe ta. Inji ya mutu ke nan, ga iska na tura ka wajen jiragen mutane.

Polifirofilin ba ta kai ruwa nauyi ba, a sama take zama kana kallonta. Sai dai rana na cin ta, ƙullinta kuma na da santsi. Idan ta fara gashi tana kaushi a tafin hannu, canja ta.

Ni dai polifirofilin mai zama a saman ruwa nake zaɓa, in ƙara mata guntun nailan ta ɓangaren jirgi don sassauta fizga, in kuma taƙaita ta sosai kafin shiga tasha.